Hanyoyin Nuna wa Ɗalibai Filin Lantarki a Cikin Aji

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan kimiyyar fiziks da ake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare, kaɗan ne suke wahalar da malami da ɗalibi kamar darasin filin lantarki. Dalili kuwa shi ne, abin da ake magana a kansa ba ya ganuwa, ba ya taɓuwa, kuma ba shi da launi balle ƙamshi. Malami yakan tsaya gaban allo ya zana ɗigo, ya kewaye shi da kibiyoyi, ya rubuta ƙa'idar lissafi a ƙasa, ɗalibai su kwafa su haddace. Ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa yadda ya ba su. Amma da za a tambayi ɗayansu abin da kibiyoyin nan suke wakilta, sai a ji shiru. Irin wannan ɗalibi ne gobe zai zama malami, ya miƙa wa na baya hadda maimakon fahimta.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan babi zai bayyana wasu gwaje-gwaje guda biyar da malami zai iya gudanarwa a cikin aji domin ɗalibai su ga aikin filin lantarki da idanunsu kafin a gaya musu sunansa, su kuma san sunansa kafin a shiga lissafinsa. Huɗu daga cikin gwaje-gwajen ba sa buƙatar komai sai kayan da ake samu a gida ko a kasuwa.

2.0 Ma'anar Caji da Filin Lantarki

Kowane abu, dutse ne ko ruwa ko jikin ɗan'adam, ya ƙunshi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai furoton, masu ɗauke da cajin da ake yi wa alamar tarawa (+). A kewayenta kuma akwai ilektiron, masu ɗauke da cajin da ake yi wa alamar ɗebewa (−). Bisa al'ada adadin nau'o'in biyu daidai yake, shi ya sa ba a jin tasirinsu. Idan aka goga abubuwa biyu mabambanta da juna, wasu ilektiron sukan bar ɗaya su koma kan ɗayan. Wanda ya sami ƙari sai ya zama mai cajin ɗebewa, wanda ya yi rashi kuma ya zama mai cajin tarawa. Caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuwa suna jan juna.

A nan ne tambaya take tasowa: ta yaya abu zai ja wani abu, ko ya ture shi, alhali ba su taɓa juna ba? Amsar masana ita ce, duk abin da yake ɗauke da caji yana sauya halin sararin da yake kewaye da shi, ta yadda duk wani caji da ya shigo wannan sarari zai ji ana jan sa ko ana ture shi. Wannan sarari mai tasiri shi ake nufi da filin lantarki. Ana iya kwatanta shi da ɗumin murhu a lokacin sanyi: na kusa ya fi jin sa, na nesa yana jin kaɗan. Sai dai filin lantarki ya ɗara ɗumi da abu guda, domin a kowane gurbi yana da ƙarfi, yana kuma da fuskar da ya dosa. Masana sun daidaita a kan cewa fuskar fili ita ce inda za a tura ɗan ƙaramin cajin tarawa da za a ajiye shi a wurin.

Ana auna ƙarfin fili da yawan bolt a kowace mita ta tsawo. Alal misali, idan aka jera faranti biyu na ƙarfe da tazarar santimita 5 a tsakaninsu, aka haɗa su da bolt 5,000, ƙarfin filin da ke tsakani zai zama bolt 100,000 a kowace mita. Busasshiyar iska tana iya jure fili har zuwa kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita. Da zarar an wuce haka sai ta ba lantarki hanya, a ga tartsatsi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Ana danganta lura ta farko da wannan al'amari ga Thales, wani masani na ƙasar Girka da ya rayu kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen wancan zamani sun lura cewa wani irin daskararren ƙaron itace, idan aka goge shi, yana jan ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Sunan wannan ƙaro da Girkanci shi ne elektron, kuma daga gare shi Ingilishi ya samo kalmarsa ta lantarki, wadda Hausa ta aro ta daidaita ta da tsarin sautinta. Haka kuma kalmar kahraba ta Larabci ta samo asali ne daga sunan wannan ƙaro da Farisanci, wanda ma'anarsa ita ce mai fizgar ƙaiƙayi. Ke nan, a harsunan biyu, sunan lantarki ya tsiro ne daga gwaji mafi sauƙi da ake yi a aji.

A shekarar 1600 William Gilbert, likita a Ingila, ya nuna cewa abubuwa da dama, har da gilashi, suna da wannan hali. A 1733 Charles du Fay na Faransa ya gano cewa caji iri biyu ne, daga baya Benjamin Franklin na Amurka ya sanya musu alamomin tarawa da ɗebewa. A 1785 Charles Coulomb, shi ma Bafaranshe, ya auna yadda ƙarfin ja da turi yake raguwa da nisa: idan tazara ta ninka sau biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, idan ta ninka sau uku ya koma kashi ɗaya cikin tara.

Tunanin fili shi kansa ya fito ne daga Michael Faraday (1791–1867), ɗan wani maƙeri a Ingila, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron shagon ɗinkin littattafai, bai kuma yi zurfi a lissafi ba. Ya riƙa barbaɗa garin ƙarfe a kewayen maganaɗisu yana nazarin layukan da suke bayyana, har ya kai ga ra'ayin cewa akwai irin waɗannan layuka na ƙarfi a kewayen caji. Daga baya ne James Clerk Maxwell, tun daga 1855, ya mayar da layukan Faraday zuwa lissafi. Abin lura ga malami shi ne, a tarihin wannan ilimi gani ne ya riga lissafi, don haka ya dace a bi wannan tsari a aji.

4.0 Gwaje-gwaje

4.1 Matsefi da Takarda da Ruwa

Ana buƙatar matsefin roba ko murfin biro, da takarda da aka yayyaga ƙanana, da buta. Ɗalibi zai goga matsefin a busasshen gashi ko a rigar sanyi ta ulu, sa'annan ya kusanto da shi kan takardun a hankali. Tun kafin matsefin ya taɓa su za a ga sun yi tsalle sun manne masa. Bayan haka a tsiyayo ruwa daga buta, siriri kamar zare, a kusanto da matsefin gefensa. Ruwan zai lanƙwaso ya nufi matsefin.

Bayanin abin da ya faru shi ne, takarda da ruwa ba su da rarar caji, amma filin matsefin yakan jawo cajin tarawa da ke cikinsu zuwa ɓangaren da ya fi kusa, ya tura na ɗebewa zuwa nesa. Tunda na kusa ya fi jin ƙarfi, sai ja ya rinjayi turi. Tambayar da ta kamata malami ya yi a nan ita ce: me yake tsakanin matsefi da takarda a lokacin da ta yi tsalle? Kada ya yi gaggawar ba da amsa.

4.2 Salatif da Totuwa

A yanko salatif biyu masu tsawon tafin hannu, a manna kowanne a kan tebur, a fizge su da sauri, a kusanto da su. Za su guje wa juna, domin sun sami caji iri ɗaya. Idan kuwa aka manna ɗaya a bayan ɗaya sa'annan aka raba su, za su ja juna, domin cajinsu ya bambanta.

Domin gano fuskar fili, a sassaƙo 'yar dunƙulalliyar totuwar karan dawa kamar girman wake, a shafe ta da bakin fensir, a rataye ta da busasshen zare. A taɓa ta da matsefin da aka goga har ta fara guje masa, alamar ta ɗauki cajin ɗebewa ke nan. Sai a hura balan-balan, a goga kewayenta duka a gashi, a rataye ta. Yanzu a riƙa zagayawa da totuwar a gefen balan-balan, gabas da yamma, kudu da arewa. A ko'ina totuwar za ta kauce ne kai tsaye daga balan-balan ɗin, kuma kaucewar tana ƙaruwa idan an matso. Ɗalibai su zana kibiya a kowane gurbi. Tunda cajin totuwar na ɗebewa ne, fuskar filin ita ce kishiyar inda ta kauce, wato kibiyoyin za su nufi balan-balan ɗin. Ta haka ɗalibai da kansu za su fitar da zanen da aka saba ba su a allo.

4.3 Kwalbar Gano Caji

Wani malamin coci a Ingila mai suna Abraham Bennet ne ya ƙirƙiro wannan na'ura da fallayen zinariya a wajejen 1786, amma ana iya haɗa ta da kayan gida. A sami busasshiyar kwalbar gilashi mai murfin roba, a huda murfin, a zura wayar tagulla. A lanƙwasa ƙarshen wayar na ciki kamar ƙugiya, a rataya siraran fallayen alminiyam guda biyu a jikinta, a dunƙula wani fallen a ƙarshenta na waje. Idan aka kusanto da gogaggen matsefi ba tare da ya taɓa ba, fallayen za su buɗe. Idan aka janye shi su koma su haɗe. Girman buɗewar yana nuna ƙarfin filin a wannan tazara.

Daga nan sai a lulluɓe kwalbar gaba ɗaya da ragar ƙarfe irin ta taga, a sake kawo matsefin. Fallayen ba za su motsa ba. Cajin da ke jikin ragar yakan jeru ta yadda zai soke filin da ya zo daga waje, cikin ragar ya zama babu fili. Faraday ya tabbatar da haka a 1836, lokacin da ya gina wani ɗaki mai rufin ƙarfe, ya shiga ciki da na'urorinsa, aka yi ta caja bangon daga waje har tartsatsi yana tashi, amma na'urorin ba su nuna komai ba.

4.4 Tsaki a Cikin Mai

Wannan shi ne gwajin da ya fi fitar da siffar fili a sarari, sai dai yana buƙatar na'ura mai ba da bolt masu yawa. Ana amfani da na'urar ɗakin gwaje-gwaje mai ba da bolt har 5,000 wadda aka taƙaita yawan lantarkin da take fitarwa, ko injin Wimshurst mai faifai biyu da ake juyawa da hannu, ko injin da Robert Van de Graaff ya fara ƙerawa a Amurka a 1929.

A zuba man zurma ko man girki a cikin ƙaramin farantin gilashi, zurfinsa kada ya wuce rabin santimita. A tsoma ƙarafa biyu a ciki, a barbaɗa tsakin alkama ko ƙananan irin ciyawa kaɗan a tsakaninsu, sa'annan a kunna na'ura. Cikin ɗan lokaci tsakin zai jeru layi-layi. Dalili shi ne kowace ƙwayar tsaki takan sami cajin tarawa a kai guda da na ɗebewa a ɗaya kan, sai ta juya ta bi fuskar filin, kan wannan ya kama gindin waccan, su zama sarƙa. Amfanin man kuwa shi ne, lantarki ba ya bi ta cikinsa, kuma kaurinsa yana hana tsakin tarwatsewa.

Siffar ƙarafan ita take sauya zanen. Miƙaƙƙun ƙarafa biyu da suka fuskanci juna suna ba da layuka miƙaƙƙu masu tazara ɗaya, sai a bakin gefe ne suke ɗan kumburowa. Kusoshi biyu suna ba da layuka masu lanƙwasa da suka tashi daga ɗaya suka sauka kan ɗaya. Ƙusa a tsakiyar zoben waya tana ba da layuka kamar sifokin keke. Idan aka yi amfani da ƙarfe mai tsini, za a ga layukan sun cunkushe a bakin tsinin, wato fili ya fi ƙarfi a nan. Idan kuma aka ajiye ƙaramin zoben ƙarfe a tsakiyar filin, tsakin da ke cikin zoben zai zauna a warwatse, wanda ya yi daidai da abin da ragar ƙarfe ta nuna.

4.5 Farantin Ruwa da Batir

Makarantar da ba ta da waccan na'ura tana iya zana fili da batir huɗu na tocila, waɗanda idan aka jera su suke ba da bolt 6, tare da na'urar awon bolt irin ta masu gyaran rediyo. A ɗora farantin gilashi ko na roba mai garai-garai a kan takarda mai zanen gidan-dara, a zuba ruwa kaɗan. A sanya ƙarafa biyu a gefe da gefe da tazarar santimita 12, a haɗa su da batir. A maƙala baƙar wayar na'urar awo a ƙarfen ɗebewa, a riƙa yawo da jar wayar a cikin ruwan ana neman duk guraben da suka nuna bolt 3. A yi musu alama a wata takardar gidan-dara, a haɗa su da layi. A maimaita ga bolt 1 da 2 da 4 da 5.

Waɗannan layuka su ne layukan daidaiton bolt. Layukan fili a kullum suna ratsa su ne a kan kusurwa mai digiri 90, don haka ɗalibi zai iya zana su da fensir daga ƙarfen tarawa zuwa na ɗebewa. Bugu da ƙari, a nan ne lissafi zai shigo: bolt 6 a kan santimita 12 ya ba da kusan rabin bolt a kowace santimita, wato bolt 50 a kowace mita.

5.0 Zaɓen Lokacin Gwaji

Gwaje-gwajen goge-goge sun dogara ne da bushewar iska. Idan akwai laima, wani siririn danshi yakan lulluɓe kayan aiki, caji ya sulale ta cikinsa. A wannan fuska makarantun ƙasar Hausa suna da sa'a, domin a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, laimar iska a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Shi ya sa a wannan lokaci ake ganin tartsatsi a jikin bargo da dare, ko mutum ya ji wani ɗan fizga idan ya taɓa ƙofar mota. Ya dace malami ya tsara darasin a wannan zango, ya kuma fara shi da waɗannan abubuwa da ɗalibai suka riga suka sani. Sai dai a riƙa goge ƙura daga kayan. Idan darasin ya faɗo a damina, a shanya kayan a rana kafin aiki, ko a dogara da gwajin farantin ruwa, wanda laima ba ta hana shi.

6.0 Kurakuran Fahimta

Akwai kurakurai uku da suka fi yawa. Na farko, ɗalibi ya ɗauka layukan wasu zarurruka ne na gaske, tsakaninsu kuma babu komai. Gaskiyar ita ce fili ya cika sararin duka, layukan hanya ce kawai ta siffanta shi, kamar yadda kwanciyar ciyawa take nuna inda iska ta dosa. Na biyu, ɗalibi ya zana layuka suna gittawa da juna. Wannan ba ya yiwuwa, domin a gurbi ɗaya fili fuska ɗaya gare shi. Na uku, a rikita filin lantarki da na maganaɗisu saboda kamannin zanensu. Maganin wannan shi ne a kawo maganaɗisu kusa da yagaggun takardu, ɗalibai su ga ba ya jan su.

7.0 Matakan Tsaro

Rigakafi ya fi magani. Ko kusa kada a haɗa ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da wutar da ke shigowa gidaje. Ko da yake bolt ɗinta kimanin 230 ne, yawan lantarkin da take iya turawa cikin jiki ya isa ya kashe mutum. A kashe na'ura mai bolt masu yawa, a kuma sauke cajinta, kafin a taɓa ƙarafan. A nisantar da fetur da gas da wayoyin hannu daga wurin, kuma duk wanda aka sanya wa na'urar daidaita bugun zuciya ya tsaya nesa. Haka nan a gargaɗi ɗalibai kada su kwaikwayi gwaje-gwajen da aka yi da hadari a ƙarni na 18, domin a 1753 aradu ta kashe Georg Richmann, wani masani a Rasha, yana tsakiyar irin wannan gwaji.

8.0 Kammalawa

An ga cewa filin lantarki, duk da ba ya ganuwa, aikinsa yana ganuwa, kuma ana iya fito da shi da matsefi da totuwa da tsaki da batir. Ɗalibin da ya ga layuka sun cunkushe a bakin tsini zai gane dalilin da ya sa aradu ta fi faɗa wa dogayen abubuwa masu tsini, da dalilin kafa sandar ƙarfe a saman dogayen gine-gine a haɗa ta da ƙasa. Wanda ya ga ragar ƙarfe ta kare kwalba zai gane cewa jikin ƙarfen mota mai rufi ne yake kare na ciki a lokacin tsawa, ba tayoyinta ba. Saboda haka rashin ɗakin gwaje-gwaje bai isa ya zama hujjar mayar da wannan darasi hadda ba.

Tambayoyi

1. Mene ne filin lantarki, kuma ta wace fuska ya bambanta da ɗumin murhu?
2. Bayyana dalilin da ya sa tsaki yake jeruwa layi-layi a cikin mai.
3. An jera faranti biyu da tazarar santimita 10, aka haɗa su da bolt 2,000. Nawa ne ƙarfin filin da ke tsakaninsu?
4. Me ya sa hunturu ya fi damina dacewa da gwajin matsefi?
5. Tsara darasi na minti 40 a kan ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, tare da matakan tsaronsa.